Sanyin Hunturu: Wa Ake Jarrabawa?

Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya sanya shekara tana juyawa tsakanin damina da kaka da hunturu da bazara. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya taɓa kwana a Karare, ko a wani ƙauye na ƙasar Batsari da Safana, tsakanin ƙarshen watan Nuwamba da tsakiyar Fabrairu, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan hunturu. Iska ce mai tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara, ta kwaso ƙura daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, wanda a da can gindin wani babban tafki ne da ya ƙafe. In ta iso yammacin Katsina sai ta tarar an gama girbi, an kwashe kara daga gonaki, babu abin da zai tare ta. Da yake busasshiya ce ƙwarai, kuma babu girgije a sama, zafin da ƙasa ta tara da yini ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana, sai ya yi ta tsiyayewa har gari ya waye. Shi ya sa ɗari ya fi tsanani gab da fitowar rana, watau daidai lokacin da ladan ke kiran Asuba, mutane ke lalubar buta. A irin waɗannan darare ma'aunin zafi kan sauka zuwa wajen digiri 12, wani lokaci ma ƙasa da haka.

Mutumin Masko, inda ruwa ke daskarewa wata da watanni, zai iya cewa wannan ai ba sanyi ba ne. To amma shi gidansa domin sanyi aka gina shi, tufafinsa domin sanyi aka ɗinka su. Ɗakin talakan ƙasar Hausa kuwa domin zafi aka yi shi, in ma na kwano ne, to da rana tanda ne, da dare randa. Sa'an nan jikin da bai ƙoshi ba, da na tsoho, da na jariri, ba su da abin da za su yi yaƙi da shi. Saboda haka ne mura da tari da ciwon haƙarƙari suke yawaita a waɗannan watanni, ban da faso da kaushi da tsagewar leɓe, waɗanda ba a ma lissafa su cikin cuta.

In hunturu ya kankama, kalma ɗaya ce ta fi yawo a bakin jama'a, ita ce haƙuri. A ce sanyi na Allah ne, lokacinsa ne, zai wuce. Wannan kuwa gaskiya ce wadda babu mai ja da ita. Amma akwai tambayar da ya kamata a tsaya a kanta: iska ɗaya ce take kaɗa gidan mai bargo uku da rumfar da almajiri ke kwance, to shin jarrabawa ɗaya ce aka yi musu? In kuwa ba ɗaya ba ce, wane ne aka umarta da haƙuri, kuma me aka umarci ɗayan da shi?

Da farko ya kamata a san matsayin sanyi kansa. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa an yi wa Wuta izinin numfashi biyu a shekara, ɗaya a lokacin sanyi ɗaya a lokacin zafi, kuma matsanancin ɗarin da mutane ke ji yana daga wannan numfashi. A cikin Suratul Insani an lissafa rashin matsanancin sanyi cikin jin daɗin 'yan Aljanna. A cikin Suratun Nahli kuma Allah Ya ambaci ɗumin da ake samu daga dabbobin ni'ima, da gashinsu da ake yin kayan ɗaki da shi, a jerin baiwar da Ya yi wa bayinsa. To abin da aka jingina wa Wuta ba a ce da shi alheri a kan kansa, abin da aka lissafa cikin ni'ima kuwa neman sa ba raunin imani ba ne. Wanda ya nemi mayafi, ni'imar da Allah Ya ambata da kansa ya nema.

Ba a musun cewa akwai riba a cikin wannan lokaci ga mai nema. Ibnu Rajab, wanda ya rasu a shekara ta 795 bayan Hijira, ya ware wa lokacin sanyi babi guda a cikin littafinsa Laɗa'iful Ma'arifi, ya nuna yadda magabata suke murna da shi saboda darensa mai tsawo ne ga mai tsayuwa, yininsa gajere ne ga mai azumi. Ko a ƙasar Katsina, wadda ba ta yi nisa da tsakiyar duniya ba, dare yakan ɗara yini da fiye da sa'a guda a ƙarshen Disamba, ga kuma ƙarancin ƙishirwa. Mai bashin azumin Ramalana ba shi da lokacin biya da ya fi wannan sauƙi. Har ila yau Muslim ya ruwaito cewa cika alwala a lokacin da rai ba ya so yana daga abubuwan da ake shafe zunubai da su, ake kuma ɗaukaka darajoji, malamai kuwa sun ba da misalin wannan da tsananin sanyi.

Sai dai a nan ne waɗansu suka zame. Suka ɗauka cewa tun da akwai lada a cikin wahala, to ƙarin wahala ƙarin lada ne, har a sami mai ganin ɗumama ruwan alwala kamar ragwanci ne. Ba haka abin yake ba. Wahalar da ta zo wa bawa a kan hanyar ibada, ba shi ya gayyato ta ba, ita ce ake ba shi lada a kan jure mata. Wadda ya je ya nemo da hannunsa alhali ga sauƙi a gabansa, ba ta ƙara masa kome. Buhari ya kawo labarin Abu Isra'ila, wanda ya yi bakance zai tsaya cikin rana, ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa aka umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kaɗai. An bar masa abin da yake ibada, an ɗebe masa abin da yake azabtar da kai.

A kan sanyi kansa ma akwai hujja. Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da shi, janaba ta same shi a wani dare mai tsananin sanyi a yaƙin Zatus Salasili, shekara ta 8 bayan Hijira, ya ji tsoron in ya yi wanka zai halaka, sai ya yi taimama ya ba jama'arsa sallar Asuba. Da aka kai maganar Madina, Annabi ya ji uzurinsa, ya yi dariya, bai ce ya sake ba. Abu Dawuda ne ya ruwaito. Abdullahi ɗan Umar kuma ya yi kiran salla a wani dare mai sanyi a Dajnan, kusa da Makka, sa'an nan ya sanar da mutane su yi salla a masaukansu, ya ce haka Annabi yake sa a yi a daren sanyi ko na ruwa a halin tafiya. A mazhabar Maliku, wadda ake bi a wannan ƙasa, wanda ya ji tsoron ruwa zai jawo masa ciwo, ko ya ƙara masa wanda yake da shi, ko ya jinkirta masa warkewa, taimama ta halatta gare shi, in bai sami abin ɗumama ruwan ba. To in haka shari'a ta yi wa jarumin sahabi, ina hujjar malamin da zai tashi yaro ɗan shekara bakwai da bulala, ya tura shi ga ruwan da ya kwana a waje, yaron da ko salla ba ta wajaba a kansa ba tukuna? Wannan ba tarbiyya ba ce, kuma iyayen da suka ba da amanar ba wannan suka nema ba.

Ke nan ko wanda sanyin ya taɓa ba a ce ya rungume shi ba. An ce ya nemi tsari iyakar ƙarfinsa, abin da ya gagare shi ya yi haƙuri da shi ba tare da fushi da hukuncin Ubangijinsa ba. Saura ɗaya ɓangaren, watau mai bargo uku, wanda shi ne ya fi yawan faɗin kalmar haƙuri, alhali ba takardarsa ba ce. Tasa jarrabawar dabam take, kuma ta fi nauyi.

Muslim ya ruwaito daga Jariru ɗan Abdullahi cewa wata rana da hantsi waɗansu mutane, yawancinsu daga ƙabilar Mudar, suka iso Madina babu takalma, babu tufafin kirki, sai 'yan ƙyallayen ulu da suka huda suka zura wuyansu. Da Annabi ya gan su fuskarsa ta canza. Bai yi musu wa'azin haƙuri ba. Sai ya sa Bilalu ya yi kiran salla, bayan salla ya fuskanci mutanen Madina, su ya yi wa huɗuba, ya kira su ga sadaka da kuɗi da tufa da hatsi da dabino. Aka yi ta kawowa har aka tara tsibi biyu na abinci da tufafi, sa'an nan aka ga fuskarsa ta yi haske. Abin lura a nan shi ne wa aka yi wa huɗubar. Masu tsiraici suna zaune a wurin, amma masu sutura aka fuskanta. Haka kuma a daren yaƙin Handaƙ, shekara ta 5, da Huzaifa ɗan Yamani ya dawo daga leƙen asirin rundunar Ƙuraishawa yana rawar ɗari, Annabi bai sallame shi da addu'a kawai ba, sai ya lulluɓe shi da sashen mayafin da yake salla da shi, ya yi ta barci har Asuba.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan a matsayin kyautatawa ta ganin dama ba. Shaihu Halilu a cikin Muhtasar ɗinsa ya lissafa tunkuɗe cuta daga Musulmi cikin farillan kifaya, tare da shari'a da shaida da yi wa mamaci sutura, masu sharhi kuma suka fassara shi da ciyar da mayunwaci da tufatar da maras tufa in baitulmali bai wadatar ba. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a shekara ta 456, ya fi kowa fitowa fili. A cikin Al-Muhalla ya tafi a kan cewa wajibi ne ga mawadatan kowane gari su ɗauki nauyin matalautansu in zakka ba ta isa ba, hukuma ta tilasta su, a ba su abincin da ba makawa, da tufafin sanyi da na zafi, da ɗakin da zai kare su daga ruwa da rana da idon masu wucewa. Ma'anar farilla ta kifaya kuwa sananniya ce: in waɗansu suka yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya ƙi, duk wanda ya sani kuma yake da iko ya shiga zunubi. Abin mamaki shi ne, babu unguwar da za a bar gawa babu likkafani, nan da nan za a haɗa kuɗin yadi. Amma mai rai yana iya kwana arba'in a ƙofar masallacin unguwar nan babu mayafi, alhali a jeri ɗaya Halilu ya kawo su.

A ƙauyuka irin su Karare wannan farilla tana da hanyoyin da take sauka da kanta tun kaka da kakanni, ba tare da an kira ta da sunanta na littafi ba. Kara yana nan jibge bayan girbi, itace yana nan a daji. Tsofaffi suna da gadon ƙasa wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa, masaƙa suna saƙa gwado da luru. Da sassafe a hura wuta a ƙofar gida, kowa ya zo ya miƙa hannu, ba a tambayar mutum ɗan gidan wa ne. Almajirai su yo kara da yamma, wutar da suke karatu da haskenta ita ce kuma take ɗumama su. Baƙo yana da zaure. Wuta ba abin sayarwa ba ce, shi ya sa ake cewa a je a ɗebo ta a maƙwabta.

Wannan tsari ne rashin tsaro ya karya. Dajin Rugu, wanda ya yi iyaka da ƙasashen Batsari da Safana, ya zama maɓoyar 'yan bindiga shekara da shekaru, har shiga neman itace ya zama sayar da rai. A ranar 14 ga Fabrairu 2020 aka auka wa Tsauwa da Dankar a Ƙaramar Hukumar Batsari, aka kashe mutum 30 bisa ga lissafin 'yan sanda, aka ƙone gidaje, waɗanda suka tsira suka kwana a fili cikin sauran ɗarin shekarar. A 2021 gwamnatin jiha ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji a cikin matakanta na tsaro. An ƙulla sulhu a waɗansu ƙananan hukumomin yankin a 2025, amma sulhu ba ya mayar da ɗakin da ya ƙone, ba ya tayar da mijin da aka binne. Mata da yara da yawa da suka gudo cikin waɗannan shekaru sun sami kansu a garin Batsari da birnin Katsina, a kangaye da gine-ginen da ba a gama ba, babu ƙofa babu taga. A birni kuwa wuta ta kuɗi ce. Gawayi a leda ake sayar da shi, itace a ƙirge, gidaje kuma da ƙofofin ƙarfe, zaure ya zama garejin mota. Matar da a ƙauyensu ba ta taɓa sayen makamashi ba, yanzu sai ta zaɓa tsakanin kuɗin gari da kuɗin gawayi.

Akwai darasi a wurin waɗanda sanyinsu ya fi na nan nesa ba kusa ba. Ahmadu ɗan Fadlan, wanda Halifa Muƙtadir ya aika daga Bagadaza zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Bolga a shekara ta 921 Miladiyya, hunturu ya tsare shi a birnin Jurjaniyya na ƙasar Huwarizm, a cikin Turkmenistan ta yau. Ya ba da labarin yadda kogin Jaihun ya daskare wata uku har dawaki da jakuna suna tafiya a kansa, da yadda gemunsa ya zama ƙanƙara daga fitowarsa gidan wanka, sai da ya narkar da shi a bakin wuta, da yadda kasuwanni suka zama wayam. Amma abin da ya fi dacewa da wannan magana shi ne al'adar mutanen garin. Ya ce in mutum yana son karrama abokinsa, wuta mai kyau yake gayyatarsa ya zo ya ji. Mai bara kuma ba ya tsayawa a ƙofa, shiga gida yake yi ya zauna a bakin murhu ya ji ɗumi tukuna, sa'an nan ya roƙi gurasa. Waɗannan mutane sun gane cewa a garin sanyi ɗumi hakki ne da ke gaba da sadaka.

Mai ja zai ce zamani ya canza, ba a buɗe wa baƙo ƙofa a yau, kuma kowa a matse yake, wannan aikin hukuma ne. Akwai gaskiya a cikin duka ukun. Hukuma ce farkon wadda za a tambaya, domin a hannunta dukiyar jama'a take. Amma gazawar hukuma ba ta sauke farillar, ita ce ma sharaɗin da malamai suka ce yana mayar da ita kan masu hali. Batun tsaro kuma uzuri ne a kan shigar da baƙo cikin gida, ba uzuri ba ne a kan rigar sanyin da yara suka girme ta, tana ninke a ƙasan akwati shekara uku. Shi kuwa matsi, ai a ranar mutanen Mudar har ɓarin dabino an karɓa. Ba a nemi kowa ya tufatar da gari ba, an nemi kada a sami wanda ya sani, yake da iko, ya kau da kai.

Hakkin yana farawa ne daga cikin gida. Tufatar da mace yana cikin ciyarwar da ta wajaba a kan miji, malaman Malikiyya kuwa sun ambaci tufar sanyi dabam da ta zafi. Maigidan da ya sayo wa kansa babbar rigar sanyi domin zaman majalisa, matarsa tana fita tsakar gida da Asuba ta hura wuta da zane ɗaya, bashi yake ci. Haka uban da ya tura ɗansa karatu wani gari da allo da ƙoƙo ba tare da mayafi ba, nauyin bai tashi daga kansa ya koma kan malam ba.

Sai kuma a yi hattara da maganin da ya fi cutar kisa. Kaskon gawayi a cikin ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini fiye da iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Mutum ya fara da ciwon kai da jiri, barci ya ɗauke shi, a wayi gari a tarar da iyali gaba ɗaya. Ga kuma gobara, wadda bushewar kome da ƙarfin iska ke rura ta. Wani gida ya taɓa ƙonewa da mutanensa da dare a Madina, da aka gaya wa Annabi sai ya bayyana wuta a matsayin abokiyar gaba, ya yi umarni a kashe ta in za a kwanta. Wanda ya ɗumama ɗaki ya fitar da kaskon kafin barci ya bi sunna, ya kuma bi likita.

Shari'a ta riga ta ajiye ƙofofi biyu da suka dace da wannan lokaci. Zakkar hatsi ba ta jiran shekara, da girbi take fita, watau gab da shigowar ɗari: ɗaya bisa goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya bisa ashirin ga na ban ruwa, in amfanin ya kai wusuƙi 5, watau sa'i 300. Manomin da ya jinkirta ta zuwa azumi domin neman falalar wata ya bar mai ita ya shiga sanyi da yunwa, jikin da babu abinci kuwa ba ya riƙe ɗumi. Ta biyu ita ce kaffarar rantsuwa, wadda mutane da yawa suke ɗauke da ita ba su sani ba, waɗanda suka sani kuma sukan zarce kai tsaye ga azumin kwana uku. Azumin nan na wanda ya rasa ne. Mai hali zaɓinsa yana tsakanin ciyar da miskinai 10, ko tufatar da su, ko 'yanta bawa, kuma a Risala ta Ibnu Abi Zaidi an bayyana cewa namiji riga ake ba shi, mace kuwa riga da mayafi. Wanda ya zaɓi tufatarwa, in ya fitar da ita a Disamba za a kwana da ita a jiki a daren ranar, in kuwa ya bari sai Maris, bazara ta riga ta shigo.